An rufe ƙofar shigo da ƙwan fitila mai zaiba, amma ina za a kai waɗanda ke rataye a gidaje?

Da ƙarewar shekarar 2025 wani wa'adi ya cika wanda bai ja hankalin jama'a ba, duk da cewa ya shafi kusan kowane gida da kowane shago mai kuran a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Daga wannan lokaci, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, ciki har da Nijar da Najeriya, bai kamata su ci gaba da ƙerawa, ko shigowa, ko fitar da ƙaramin ƙwan fitila mai murɗaɗɗen gilashi ba, wato wanda ake kira ampul ekonomik, matuƙar ƙarfinsa bai wuce wat 30 ba. Sauran ƴan uwansa ma kwanansu ya ƙare a kan takarda: manyan masu murɗe da wasu dogayen neyon a 2026, ragowar dogayen a 2027.

Dalili ɗaya ne, zaiba, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa da ake kira mercure a Faransanci. Babu ƙwan fitila na wannan iri da zai kama ba tare da ita ba. Idan kuran ya ratsa tururin zaibar da ke cikin gilashin sai ya haifar da wani haske da ido ba ya gani, farin garin da aka shafa a jikin gilashin daga ciki shi ke juya shi ya zama hasken da ake gani. Muddin gilashin bai fashe ba, zaibar na nan a kulle, babu abin da za ta yi wa kowa. Matsalar na farawa ne ranar da ƙwan ya faɗo ko ya mutu, kuma a nan ne yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa aikinta.

Sunan yarjejeniyar ya samo asali ne daga wani garin masunta a Japan, inda a 1956 likitoci suka gano wata cuta mai lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Kamfanin sinadarai na Chisso ya daɗe yana zubar da ruwa mai zaiba a gaɓar tekun garin, kifi ya ɗauka, mutane suka ci, aka haifi yara da naƙasa. An sanya hannu a kan yarjejeniyar a 2013, ta fara aiki a watan Agustan 2017. Abin da ya kamata a tuna shi ne ba Turai ce ta tilasta wa Afirka batun ƙwan fitila ba. Ƙasashen Afirka ne da kansu suka gabatar da buƙatar a daina irin waɗannan ƙwayaye, aka amince da kashi na farko a taron Bali na watan Maris 2022, aka kammala saura a Geneva a watan Nuwamban 2023. Hujjarsu a fili take: nahiyar ba ta da isassun masana'antun da za su cire zaiba daga matattun ƙwayaye, kuma in ƙasashe masu arziki suka rufe kasuwanninsu, kayan da suka yi kwantai a can nan za su nufo. Tarayyar Turai kuwa ta hana sanya sababbin dogayen neyon a kasuwa tun watan Agustan 2023.

Kafin a ɗora wa wannan ƙwai laifi, ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Tsohon ƙwai mai zare da ke cin wat 60, ana samun haskensa daga mai murɗe mai wat 14 ko 15. A 2007, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, gwamnatin Ghana ta raba irin waɗannan ƙwayaye miliyan 6 kyauta, abin da ya rage buƙatar kuran a lokacin cunkoso da fiye da megawat 100. Ga ƙasa kamar Nijar, wadda kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 take sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, wadda kuma ta ɗanɗana duhu lokacin da aka katse layin daga watan Agustan wannan shekara har zuwa farkon 2024, duk wat ɗin da aka tsimin abu ne mai daraja. Abin da ya sauya shi ne zuwan LED. Hasken da mai murɗe ke bayarwa da wat 15, LED na bayar da shi da wat 8 ko 9, kuma babu zaiba ko ɗigo a cikinsa. Gidan da ke kunna ƙwai biyar na tsawon awa shida kowane dare zai ci kilowat-awa 54 a wata da mai zare, 13 da rabi da mai murɗe, kusan 8 da LED. Wanda ke amfani da faifan sola da batir ya fi kowa sanin abin da wannan bambanci ke nufi da misalin ƙarfe biyun dare a watan Afrilu.

To, wane irin haɗari ake magana a kai? A nan akwai buƙatar a auna magana, domin tsoratarwa ba ta da amfani kamar yadda sakaci ba shi da shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙwai mai murɗe guda na ɗauke da kimanin miligiram 4 na zaiba, yayin da tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi ke ɗauke da kusan miligiram 500. Ke nan ƙwai ɗaya da ya fashe a ɗaki, aka kuma kwashe shi yadda ya dace, ba abin da za a garzaya asibiti a kansa ba ne. Dogayen neyon na da, da ƙwayaye marasa suna da ake shigowa da su ba tare da an auna ba, suna iya ɗaukar fiye da haka, wannan ne ma ya sa tun a rubutunta na farko yarjejeniyar ta sa iyakar miligiram 5 ga masu murɗe da miligiram 10 ga wasu dogayen. Idan aka tara ƙwai miliyan guda, zaibarsu ba ta wuce kilo 4 ba. A wuraren haƙar zinariya irin su Komabangou kuwa, inda ake kama zinariya da zaiba sannan a ƙone ta a fili, giram ɗaya na zinariya kan ci giram ɗaya na zaiba ko fiye, daidai da abin da ke cikin ƙwai 250. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa haƙar zinariya ta gargajiya ce kan gaba wajen fitar da zaiba zuwa iska a duniya, da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Duk wanda ya ce ƙwan fitila ne babbar matsalar zaiba a Nijar bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai ƙanƙantar adadin ba ta rufe maganar ba, saboda wurin da zaibar ƙwan fitila ke fita daban ne. Ta zinariya na can daji, wannan kuwa tana fita a ɗakin kwana, a aji, a ɗakin haihuwa, a bolar da ke bayan gida. Tururinta ba shi da wari ba shi da launi, kuma huhu na ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa. Yana taɓa jijiyoyi da ƙoda, kuma jariri da ɗan tayi sun fi kowa rauni a gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaiba cikin sinadarai goma da suka fi damun lafiyar jama'a. Wani bincike da aka yi a jihar New Jersey ta Amurka, aka wallafa a 2003, ya gano cewa tsakanin kashi 17 zuwa 40 na zaibar ƙwan da ya fashe na tashi cikin iska a makonni biyu na farko, kashi ɗaya cikin uku na wannan a awa takwas na farko, kuma yawan zafi na ƙara saurin tashinta. Wanda ya san ɗakin kwano a Tawa lokacin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba ya buƙatar a yi masa ƙarin bayani. Gwajin da hukumar muhalli ta jihar Maine ta yi a 2008 ya ƙara da cewa tururin kan fi yawa kusa da ƙasa, wato daidai inda yaro mai rarrafe ke numfashi.

Saboda haka abin da ake yi a mintunan farko shi ne ya fi muhimmanci, kuma ya saɓa wa abin da hannu ya saba. Idan gilashi ya fashe, abin da kowace uwar gida ke fara nema shi ne tsintsiya. A wannan karon tsintsiya ita ce kuskuren, domin tana watsa farin garin zuwa kowane lungu, ita kanta kuma ta gurɓace a kai ta wani ɗaki gobe. Abin da ya dace shi ne a fitar da kowa, musamman yara da mai juna biyu, ba tare da an taka wurin ba, a buɗe taga da ƙofar waje, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a bar wurin kamar minti goma sha biyar. Bayan haka babba ɗaya ya koma, da safar hannu ta roba ko aƙalla leda a hannu, ya yi amfani da kwali biyu masu ƙarfi ya tattara gilashin da garin. Ƙananan ɓarɓashin da suka rage a danna musu salatif, wanda aka fi sani da sikoc, su manne a jikinsa, sannan a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Kwalin, da salatif ɗin, da tsumman, da safar hannun, duka su bi gilashin zuwa cikin kwalba mai murfin ƙarfe, irin ta mayonez, a rufe tam a fitar da ita waje. Gwajin Maine ya nuna cewa leda ba ta riƙe tururin zaiba sosai, kwalba ce ke riƙewa. A wanke hannu, a bar tagar a buɗe na wasu awanni. Masu injin zuƙe ƙura, a ofisoshi da otal-otal, su ma su bar shi a ajiye, don hura tururin yake yi cikin iska.

Waɗannan shawarwari an rubuta su ne domin gidajen Amurka masu daɓen katako da kafet, kuma akwai wuraren da sai an daidaita su da yanayin nan. Idan ƙwan ya fashe a kan tabarma, a naɗe ta a hankali a fitar da ita waje a kwashe a can, a bar ta ta sha iska nesa da inda yara ke wasa. In tsohuwa ce mai ramuka da garin ya shige, rabuwa da ita ya fi. Idan ɗakin mai rairayi ne, a kwashe saman rairayin wurin da kwali a haɗa shi da gilashin. Tufafi ko zanen gado da garin ya zuba a kansu kai tsaye ba a haɗa su da sauran wanki. Abincin da ke buɗe a wurin kuwa, tuwo ne ko fura, zubar da shi za a yi, ba kuma a gaban awaki ko kaji ba. Wannan batu na ƙarshe ya shafi masu tebur da masu shayi da masu tsire, waɗanda sau da yawa ƙwan fitilarsu ke lilo a kan waya daidai saman abin da suke sayarwa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta bayan nan: an rufe kwalbar, sai a kai ta ina? A Faransa amsar mai sauƙi ce, domin tun 2005 aka kafa ƙungiyar Récylum, wadda daga baya ta zama ɓangaren ecosystem, ana ajiye akwatunan karɓar matattun ƙwayaye a manyan kantuna, kuɗin aikin kuma na cikin farashin kowane sabon ƙwai. Afirka ta Kudu ta hana zuba irin waɗannan ƙwayaye a juji tun 2016. A biranen Nijar, hanyar ƙwan da ya mutu ita ce ta ɓawon albasa da tokar murhu: kwandon shara, amalanke ko kurar mai kwasar shara, sannan bola. Da wuya ya isa can bai fashe ba. A bolar kuma abubuwa uku ke jiransa. Akwai wuta, domin ƙona shara ita ce hanyar rage ta a unguwanni da yawa, zafi kuwa na tayar da zaibar gaba ɗaya zuwa iskar maƙwabta. Akwai yara masu tsince-tsince, waɗanda ke fasa gindin ƙwan don ɗan ƙarfe da wayar da ke ciki, ko su ɗauki dogon neyon su yi wasan takobi da shi. Akwai kuma ruwan damina, wanda a Yamai ke wanke shara ta kwarin Gounti Yéna zuwa kogin Isa, a Maradi kuma zuwa Gulbi. A cikin laka ƙwayoyin halitta na juya zaiba ta koma nau'in da ke taruwa a jikin kifi, irin wanda ya yi ɓarna a Minamata. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba: manoman gefen gari sun daɗe suna ɗibar ƙasar bola a matsayin taki zuwa gonaki da garake, kuma zaiba ba ta ruɓewa.

Har zuwa ranar da za a samu wurin karɓa, abin da magidanci zai iya yi ƙarami ne amma yana da tasiri. Ƙwan da ya mutu bai fashe ba, a mayar da shi cikin kwalin sabon da aka saya, a ajiye a wuri mai inuwa da yara ba sa kaiwa, a wajen ɗakin kwana. Ƙwai a kulle cikin kwali a kan rumbu ya fi ƙwai a bola aminci nesa ba kusa ba. Wajen cirewa a kama shi ta gindin roba, ba ta gilashin ba, bayan ya huce. Ba dole ba ne a tsige duk masu aiki a rana ɗaya. Wanda ke manne a sama inda babu abin da zai taɓa shi yana iya ƙarasa kwanakinsa. Waɗanda ya kamata a fara sauyawa su ne na ɗakin yara, na madafa, da masu lilo a ƙasa-ƙasa. Mai saye kuma ya duba kwali: alamar Hg na nufin akwai zaiba a ciki.

Nauyin gaske yana kan hukuma, kuma ya kasu gida biyu. Na farko a bakin iyaka yake. Yarjejeniyar ta hana ƙerawa da shigowa da fitarwa, ba ta hana sayar da abin da ya riga ya shigo ba, ta kuma ba ƙasashe damar neman ƙarin wa'adi na shekara biyar. Wannan na nufin za a ɗauki lokaci ana samun kayan a kasuwar duniya, da araha ma fiye da da, saboda masu su na neman rabuwa da su. Jami'an duwan ba sa buƙatar sabuwar na'ura don gane su, tunda a kundin haraji na duniya ƙwayayen neyon da masu murɗe na da lambarsu, 8539.31, daban da ta LED. Wahalar ita ce yawancin ƙananan kayan lantarki na kasuwannin Maradi da Damagaram da Ƙonni ba a kwantena suke zuwa ba, a buhu da kwali suke tsallakowa ta Jibiya da Daura da Illela, kuma dangantakar hukumomin ƙasashen biyu ba ta koma yadda take ba tun bayan 2023. Akwai kuma darasin leda: a 2014 aka kafa dokar hana shigowa da sayar da baƙar leda mara kauri, fiye da shekara goma ke nan, kuma duk wanda ya leƙa magudanar ruwa a kowane birni ya san inda dokar ta tsaya. Doka a kan ƙwan fitila na iya bin sawunta in ba a haɗa ta da abin da zai sa ɗan kasuwa ya ga riba a sauyin ba, misali sassauta haraji a kan LED mai inganci.

Kalmar inganci a nan ba ado ba ce. Mutane da yawa sun sayi LED mai arha da aka rubuta wa awa dubu goma sha biyar ko fiye a kwali, ya mutu kafin wata uku, saboda ƙananan kayan da ke gindinsa ba sa jure zafi da hawa da saukar kuran. Wanda aka yi wa haka sau biyu zai koma neman tsohon da ya sani. Hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya ita ce ya kamata ta tsaya a wannan gaɓa, domin hana mai zaiba ba tare da tace madadinsa ba zai bar talaka da zaɓi tsakanin guba kaɗan da asarar kuɗi. LED ɗin ma in ya mutu shara ce ta lantarki, sai dai ba mai tururi ba.

Gida na biyu shi ne tattarawa, kuma a nan bai kamata a fara da gidaje ba. Mafi yawan dogayen neyon ba a ɗakunan talakawa suke ba, suna ofisoshin ministoci, asibitoci, makarantu, jami'o'i, bankuna, barikoki da manyan masallatai. Waɗannan su ne za su sauya ɗaruruwa a lokaci guda idan wa'adin 2027 ya ƙarato kuma kayan suka fara yankewa a kasuwa, kuma lokacin sauyin ne mafi haɗari. Ƙwai ɗaya a ɗaki ƙaramin abu ne. Neyon ɗari biyar da lebura ya farfasa a bayan gini don su shiga buhu, yana tsugune a kansu ba abin rufe hanci, wani abu ne daban. Sharaɗi guda cikin kwangilar sauya fitilun gwamnati zai rage wannan: ɗan kwangila ya miƙa tsofaffin a ƙirge, ba fasasshe, cikin kwalayensu. Sashe na 11 na yarjejeniyar Minamata ya riga ya ɗora wa ƙasa alhakin kula da sharar zaiba ta hanyar da ba za ta cutar ba, dokar muhalli ta ƙasa ta 1998 ma ta tanadi hurumin da za a rataya irin wannan umarni.

Abin da za a buƙata a farko bai kai masana'anta ba: ɗaki mai inuwa da iska da makulli a kowane babban birni, gangunan ƙarfe masu murfi, da littafin ƙirga. Kantomomin da ke riƙe da birane tun bayan rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 na da ikon ware irin wannan wuri, rassan NIGELEC kuma, inda jama'a ke zuwa biyan kuɗin wuta kowane wata, wuri ne da ya dace a ajiye akwatin karɓa. Idan kayan suka taru, yarjejeniyar Basel ta ba da hanyar fitar da su zuwa ƙasar da ke da injin cire zaiba, da amincewar ƙasashen da abin ya shafa. Jigilar na da tsada, balle da rufe iyakar Benin a 2023 ya sa kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, shi ya sa tattara na ƙasashen AES uku wuri guda zai fi sauƙi a kan kowace ta yi nata. Yarjejeniyar na da asusun tallafi ta hannun GEF domin irin wannan aiki, amma ana ba da kuɗin ne ga ƙasar da ta kawo lissafi, kuma lissafin farko da za a nema shi ne yawan neyon da ke rataye a gine-ginen gwamnati daga Yamai zuwa Diffa.